Fuskar Mai Tsaron Ƙofar Gilashi

Kullum da sassafe masu gadin otal ɗin sukan yi layi a bayan ɗakin janareto, kusa da inda ake tara kwalaben da baƙi suka shanye. Nan ne filin faretinsu. Kofur, tsohon sojan da kamfanin gadi ya ɗora a kansu, yakan bi layin daga wannan baki zuwa wancan. Ya duba takalmi, ya duba bel, ya duba karin guga. In ya gama sai ya sa hannu a aljihun gaba ya ciro 'yar auduga, irin wadda ake goge ciwo da ita, ya shafa wa kowa daga maƙogwaro zuwa kunci. In ta wuce sumul, mutum ya tsira. In zare ko ɗaya ya maƙale, askin bai yi ba, sai a koma bakin famfo da reza.

Babu auduga a cikin dokokin kamfani. Abin da doka ta ce shi ne mai gadi ya zo aiki da tsabta, babu gemu babu gashin baki. Kofur ne ya taho da ita daga bariki, inda shi ma aka goga masa ita yana ƙuruciya, kuma bai taɓa tunanin akwai wata hanyar auna aski ba.

Cikin masu tsayawa a layin akwai wani dogo mai faɗin kafaɗa da kowa ke kira Baban Biyu, saboda tagwayen 'yan matan da Allah ya ba shi. Shi ne mai tsaron ƙofar gilashi, babbar ƙofar da baƙi ke shiga. Duk wanda ya sauko daga mota, fuskarsa yake fara gani.

Bai taso da niyyar gadi ba. Ɗan kafinta ne, ya koyi riƙe zarto amma hannunsa bai taɓa faɗawa ba, har ubansa ya gaji ya ce ya je ya nemi abin da ya dace da ƙarfinsa. Ya yi dakon bulo a wajen gini shekara da shekaru. Da bayansa ya fara ƙorafi sai ya koma gadin wani fili da ake ajiye rodi da siminti, shi da kare da ƙura. Ranar da otal ya nemi ƙarin mutane, manaja ya zo harabar kamfani da kansa, ya bi su da kallo, ya nuna shi da mukullin mota ya ce, "Wancan dogon." Shi ke nan jarrabawar da ya yi.

Ƙofar gilashi wuri ne da kowane mai gadi ke mafarkinsa. Akwai inuwa. Duk sanda ƙofar ta buɗe, sanyin ciki yakan ɗan taɓa mutum a ƙeya. Baƙi sukan yi ɗan ihsani in an ɗaukar musu akwati ko an riƙe musu lema. Da wannan ƙofar ya fitar da iyalinsa daga ɗaki ɗaya zuwa ciki da falo, da ita aka sayi keken ɗinkin matarsa, Maman Biyu, da ita kuma tagwayen ke shiga motar makaranta maimakon su taka da ƙafa.

Abin da bai sani ba shi ne irin gashin da ya gada. Gemun ubansa murɗaɗɗe ne, amma tsohon har ya koma ga Allah almakashi kaɗai ya san haɓarsa. Ɗan kuwa sai da ya koyi aski irin na masu gadi, wanda ba don kyau ake yinsa ba, don a tsallake auduga ake yi. A ja fata da yatsu biyu har ta miƙe. A bi da reza daga sama zuwa ƙasa, a dawo daga ƙasa zuwa sama, a sake bi a karkace. Babu kumfa, sai dai a tsoma rezar a ruwa, ko a ɗan goga sabulun wanki. Reza ɗaya kuma ba a yar da ita sai ta fara cizge gashi maimakon yanka shi. A haka kowa ke yi, kuma mafi yawansu babu abin da ya same su.

Shi dai ƙurajen sun fara ne a ƙarƙashin muƙamuƙi, daidai inda kwalar kaki ke gogar wuya. 'Yan ƙanana, masu tauri, masu ƙaiƙayi. Kowace safiya reza ta bi ta kansu ta fille musu kai, kowace yamma su dawo da 'yan'uwansu.

A cikin abokan aikinsa akwai wani gajere mai surutu da ake kira Boka, don babu ciwon da ba shi da maganinsa a baki. Shi ya fara duba shi, ya kama haɓarsa ya juya ta hagu da dama kamar mai tayin akuya.

"Wannan ai zafin jini ne. Ka samu sifirit ka riƙa shafawa bayan aski. In ya yi zafi, to yana aiki."

"Ya yi zafi har sai da na ga taurari," in ji Baban Biyu bayan 'yan kwanaki, "amma ga su nan."

"To naka masu taurin kai ne kamar mai su. Man goge baki za ka sa, ka kwana da shi. In ya ƙi, lemun tsami da gishiri. Kakana da shi ya warkar da wani bature."

"Kakanka da ka ce makaho ne?"

"Makaho ba ya jin ƙurji da hannu?"

Ya gwada duka. Fatar ta bushe, ta yi fari-fari, ta fara tsagewa a gefen baki. A ranar hutunsa Maman Biyu takan shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa inda haske yake, ya ɗora kansa a cinyarta, ta ɗauko allurar ɗinki ta ƙona bakinta da ashana ta shiga tono. Daga cikin kowane ƙurji takan zaro gashi guda, dogo, a nannaɗe kamar zaren bobin. Sai ta ɗora shi a farcenta ta nuna masa.

"Ka gani? Wannan ne uban tafiyar. In na fitar da su duka, shi ke nan."

Su duka biyun sun yarda da hakan, domin ido ya ga abin da ya fito. Amma duk inda allura ta shiga sai ya bar baƙin tabo, wasu kuma su kumbura su tara mugunya.

Daga nan ne wani mai kemis a bakin tasha ya ba shi wani man shafawa, ya ce magani uku ne a haɗe. Wannan kam ya yi abin mamaki. Cikin 'yan kwanaki kumburin ya kwanta, ƙaiƙayin ya ɗauke, har Kofur ya ɗaga kai ya ce, "Yau ka yi kama da mutane." Baban Biyu ya riƙa shafawa safe da yamma, in ya ƙare ya sake saye. Sai dai bayan 'yan watanni ya lura a madubin ƙofar gilashi cewa fuskarsa ta rabu biyu: goshi baƙi yadda Allah ya yi shi, daga kunci zuwa wuya kuwa ya yi ja-ja, yana sheƙi, ga wasu sababbin ƙuraje ƙanana birjik da ba su da gashi a ciki. In ya daina shafawa kwana biyu sai wurin ya ɗau zafi kamar an watsa masa barkono. Ya gudu bai tsira ba.

Wata rana da hantsi ya sunkuya ya ɗauki akwatin wata baƙuwa, kwala ta goge wani ƙurji, jini ya ɗigo a kan farar rigar da ke ƙarƙashin kakinsa. Matar ta kalli wurin, ta karɓi akwatinta da kanta, ta ce ya bar shi kawai, ta gode. Manaja yana tsaye a bayan gilashi.

Manaja ba ya magana da masu gadi. Da Kofur yake magana. Da yamma Kofur ya kira Baban Biyu gefe.

"Baban Biyu, ni da kai ba mu taɓa samun matsala ba."

"Haka ne, Yallaɓai."

"Mutumin can ya ce baƙi ba asibiti suka zo ba. Ya ce ko ka gyara fuskar nan, ko a kawo masa wani. Ni kuma ba ni da inda zan kai ka sai benci."

Duk mai gadi ya san benci. Wani dogon katako ne a harabar kamfani, ƙarƙashin rumfar kwano, inda waɗanda ba su da wurin aiki ke zama tun safe suna jiran a kira su. Wanda ke benci ba ya cikin masu albashi. Akwai waɗanda suka zauna a kansa har kakinsu ya koɗe, daga baya suka daina zuwa, ba wanda ya tambayi inda suka shiga.

Washegari ya zo da takunkumi ya rufe hanci da baki, ya ce mura yake yi. Gumi ya taru a ciki, wurin ya ƙara jagulewa, kafin azahar kuma saƙo ya zo daga ofis cewa baƙi suna son ganin murmushin mai buɗe musu ƙofa. Ya cire.

Tun daga ranar ya zama ba ya cin abinci sosai. In mota ta tsaya, sai ya sunkuyar da haɓa cikin kwala, abin da ke ƙara goge ciwon. Ya fara lura da inda idon kowane baƙo ya sauka. A gida tagwayen, da suka saba hawa jikinsa suna ja masa kunne, sai uwarsu ta riƙa cewa, "Ku bar Baba, fuskarsa na ciwo." Wannan ya fi komai ci masa rai.

Ƙanwar Maman Biyu, wadda kowa ke kira Auta, tana aikin shara da goge-goge a babban asibiti. Tsakaninta da mijin yayarta babu ragayya. Ta zo karɓar ɗinki ta same shi zaune a falo da ɗan madubi a hannu.

"A'a, mijin Yaya! Wa ya fara yi maka fenti ya gudu bai ƙarasa ba?"

"Ke dai Allah ya shirye ki. Ki bari in samo miki miji cikin masu kwasar shara, ku haɗa jari."

"Ka fara samo wa kanka fuska tukuna." Ta matso ta ƙura masa ido, sai dariyar ta ɗauke. "Yaya, me kuke sa masa?"

Maman Biyu ta miƙo mata man. Auta ta juya shi ta ajiye a kan keken ɗinki kamar abin da ya ƙone ta.

"Irin wannan nake sharewa kullum a kwandon ɗakin likitar fata. Mutane ke zuwa da shi, ita kuma ta karɓe ta jefar. Ranar hutunka ka zo da wuri, zan nuna maka inda ake yankar kati. In ka ƙi zuwa, wallahi ni zan zo otal ɗin da tsintsiyata in ce kai ne mijina."

Ya je. A kan dogayen kujerun da ke gaban ɗakin ya ga abin da ya ɗan rage masa kunya. Ga wata budurwa da ƙurajen balaga suka cika mata goshi, tana ta matsa su da farce uwarta na buge mata hannu. Ga wata mata mai tsadar sutura da man bilicin ya ƙone mata saman kumatu, sun yi baƙi kamar gindin tukunya. Ga wani dattijo da kyasbi ya yi wa dabbare-dabbare daga wuya zuwa kunne. Kowa na satar kallon kowa.

Likitar mace ce mai matsakaicin shekaru, ba ta da yawan fara'a amma ba ta da gaggawa. Ta sa safar hannu, ta kunna fitila, ta kawo gilashin ƙara girma ta daɗe tana dubawa.

"Malam, da me kake aski?"

"Da reza, Likita."

"Sau nawa a mako?"

"Kullum."

"Nuna mini yadda kake yi."

Ya ja fatar kuncinsa da yatsu biyu, ya kwatanta da ɗayan hannun: ƙasa, sama, a karkace. Ta ce ya sake. Ya sake. Ta tambaye shi dalilin bi uku, sai ya ba ta labarin auduga. Ta ajiye biro ta dube shi, ta ce a duk shekarunta na aiki ba ta taɓa jin wannan ba.

Sannan ta yi masa bayani dalla-dalla. Ba zafin jini ba ne, ba kuma cuta ce da ake ɗauka ba. Gashinsa ne mai lanƙwasa. In an ja fata aka yanke shi ƙasa-ƙasa, bakinsa yakan yi tsini ya koma cikin fata, in ya tashi tsirowa sai ya soki naman da ke gefensa maimakon ya fito waje. Jiki kuma ya ɗauke shi kamar ƙaya, ya kumbura. Sifirit da lemun tsami sun ƙona fatar ne kawai. Allura ta shigar da datti ta bar tabo. Man kemis kuwa akwai wani sinadari mai ƙarfi a ciki da ke danne kumburi na ɗan lokaci, amma in an daɗe ana shafa shi a fuska yakan cinye kaurin fata, ya sauya launinta, ya haifar da nasa ƙurajen.

"Ina man yake?"

Ya ciro shi daga aljihu. Ta jefa a kwando.

"Za ka sha wuya da farko, ina gaya maka tun yanzu. Fatar ta saba da shi, za ta yi bore. Kada ka koma ka saya. Zan rubuta maka na sha saboda waɗanda suka yi mugunya, da wani mai sauƙi na shafawa. Ka riƙa wankewa da sabulu marar ƙamshi, ka ɗora tawul mai ɗumi, ka bar allura ta yi aikin ɗinki. Amma duk wannan ba shi ne maganin ba. Maganin shi ne ka ajiye reza. Wata guda aƙalla, ko fiye."

"Likita, wata guda?"

"Sai gashin ya yi tsawon da zai zaro kansa daga cikin fata."

"Ba za a iya ba ni mai ƙarfi ba, in riƙa sha ina askin? Aikina ne."

"Da akwai da na ba ka. Ka taɓa nan." Ta kai yatsansa ƙarƙashin muƙamuƙinsa na dama, inda wasu ƙuraje suka haɗe suka yi tauri. "Wannan ya fara zama tabo mai tudu. In ya girma, ko ka daina aski ba zai koma ba. Fuskarka ce, Malam, kai za ka zaɓa."

Ta rubuta masa 'yar takarda ya kai wurin aiki. Ya karɓa da hannu biyu, ko da yake ya san Kofur.

Washegari da asuba ya tsaya a bakin famfon tsakar gida. Rezar na nan a kan taga inda take kwana. Ya ɗauka, ya ajiye. Ya sake ɗauka. Maman Biyu tana tsaye a ƙofar ɗaki da bokitin wankan yara.

"In suka kai ni benci fa?" ya ce, bai juyo ba.

"Ai keken nan bai mutu ba," in ji ta. Muryarta dai ba ta kai ƙarfin maganar ba.

Ya wanke fuska da ruwan ɗumi, ya sa kaki, ya fita.

A layi Boka ya kalle shi ta wutsiyar ido ya yi ƙasa da murya. "Inna lillahi. Gemun ɗan'uwa ya kama wuta, bari in nemi ruwa."

"Rufe mini baki."

Kofur ya iso. Takalmi lafiya, bel lafiya, guga lafiya. Ya ciro auduga ya ɗora a maƙogwaron Baban Biyu ya ja sama. Ba ta ko kai kunci ba ta yage, ta bar fari-fari a haɓarsa ko'ina. Wani a ƙarshen layi ya yi dariya ya haɗiye ta.

"Famfo," in ji Kofur.

Baban Biyu bai motsa ba.

"Na ce famfo. Ko kunnen ma ya kamu?"

"Ba zan iya ba, Yallaɓai. Likita ta hana." Ya miƙa takardar.

Kofur ya karanta, leɓɓansa na motsi. Ya ninke ta ya mayar masa. "Likita ce za ta tsaya a ƙofar? In mutumin can ya sauko ya ga gemu, ni zai kira, ba ita ba. Kai kaɗai ne mai 'ya'ya?" Ya juya ga sauran. "Kowa wurin aikinsa. Kai kuma tsaya nan."

Ya tsaya. Janareto ya tashi, ya mutu, ya sake tashi. Inuwar bangon ta janye daga kansa ta koma ƙarƙashin ƙafarsa. Masu wanke-wanke suka riƙa wucewa da kwanduna suna gaishe shi ba tare da sun haɗa ido ba. Ya tsinci zaren audugar daga haɓarsa ɗaya bayan ɗaya, yana lissafin wanda zai fara gaya wa, da kuma yadda zai shiga gida da rana tsaka maƙwabta na kallo. Sau biyu ya ji kamar ya tafi famfon kawai a wuce wurin. Akwai reza a kan bututun, kullum akwai.

Sai bayan azahar Kofur ya dawo, gumi ya jiƙa masa hula.

"Na yi magana da kamfani, na yi magana da mutumin can. Ban taɓa roƙon kowa saboda gemu ba sai yau." Ya share goshi. "Ƙofar baya. Wanda ke can zai koma gaba. Babu baƙon da ke bi ta nan, in ka ga dama ka tara gemu har cibiya. In fuskar ta warke mu yi magana."

"Na gode, Yallaɓai. Allah ya saka."

"Kada ka gode mini, ba ka ga wurin ba tukuna."

Ƙofar baya ƙarfe ce mai nauyi da ake turawa da kafaɗa. Ta nan motar kifi ke shiga, da ta kayan wanki, da ta kwasar shara. Babu inuwa sai 'yar rumfar da ba ta rufe mutum mai tsayinsa. Babu akwati, babu lema, babu ihsani. Direbobi kuma ba sa cewa sannu, hon suke dannawa.

Maganar likita ta tabbata. Makonnin farko fuskar ta yi bore, ta yi ja, ta yi zafi, ta riƙa saɓa kamar bangon da ruwa ya ci. Kullum a hanyarsa ta komawa gida sai ya wuce ta gaban mai kemis ɗin nan, kullum sai ƙafarsa ta rage sauri. Wata rana har ya shiga, ya tsaya, ya sayi sabulu ya fito. Daga baya abin ya fara lafawa. Gashin ya yi tsawo, ya riƙa zaro kansa, ƙurajen suka bushe ɗaya bayan ɗaya. Auta ta zo ta ce yanzu ya tashi daga gidan da ba a gama fenti ba ya koma burushin wanke tukunya, wanda a bakinta yabo ne.

Da ya koma asibiti likita ta duba ta gyaɗa kai. Ta ce baƙin tabon zai ɗauki watanni kafin ya dushe, ya riƙa sa hula mai baki saboda rana tana ƙara masa duhu. Tudun da ke ƙarƙashin muƙamuƙi bai ƙaru ba, amma bai tafi ba. Ya tambaye ta yaushe zai koma aski.

"Da injin aski, ko gobe. A rage shi ƙasa-ƙasa, a bar ɗan kaushi, kada a kai fata. Da reza kuwa, irin bi ukun nan naka, duk ranar da ka koma su ma za su dawo. Gashinka ba zai sauya hali ba."

Bai gaya wa kowa wannan a wurin aiki ba. Ya sa wanzamin unguwa ya rage masa da inji, ya yi tsaf, ya ci gaba da tura ƙofarsa.

Wata yamma Kofur ya zagayo baya da kansa, abin da ba ya yi. Ya tsaya ya ƙare masa kallo.

"Ka warke."

"Alhamdu lillahi, Yallaɓai."

"Wanda na sa a gaba ba ya iya gaisuwa, tsaye yake kamar an dasa shi. Mutumin can ya ce ina dogon nan. Gobe ka yi aski ka koma wurinka."

Abin da ya yi wata da watanni yana roƙon Allah ke nan. Ya ji sanyin ƙofar gilashi a ƙeyarsa tun kafin Kofur ya rufe baki.

"Yallaɓai, in da inji ne, kamar yadda yake yanzu..."

"Na tambaya. Ya ce ƙofar gaba ba gashi, ko na jariri ne."

Wata motar kayan wanki ta danna hon a waje. Baban Biyu ya je ya sa kafaɗa ya tura ƙofar, motar ta shige, ya mayar ya rufe. Da ya dawo Kofur na nan.

"A bar ni a nan, Yallaɓai."

"Ka san abin da kake cewa? In kwantiragin otal ya ƙare aka zo rage mutane, daga ƙofar baya ake farawa."

"Na sani."

Kofur ya gyara hularsa ya ce, "To Allah ya kyauta," ya tafi.

A gida ya jira sai da yara suka fita wasa kafin ya faɗa. Maman Biyu tana kan keke, ba ta tsayar da ƙafarta ba sai da ta kai ƙarshen layin da take ɗinkawa. Ta ciji zaren ta tsinke.

"To sai a sallami motar makaranta," ta ce. "Wa zai riƙa kai su?"

"Ni. In muka fita da wuri zan ajiye su in wuce."

"Za ka makara fareti."

"Sai mu ƙara sammako."

Haka suke yi har yanzu. Yakan fito da kaki a jiki, 'ya ɗaya a kowane hannu, jakunkunansu biyu a kafaɗa ɗaya. Hanyar da nisa, kuma ƙaramar cikinsu ba ta son sauri. Kwantiragin otal da kamfanin zai ƙare a ƙarshen shekara, ba wanda ya san mutum nawa za a bari.